Eustorgio Mai Ganga, Mashayin da Ba Ya Shan Giya

Shekara talatin da ɗaya na yi ina busa begila a gefen Eustorgio Berrocal, shi yana dukan babbar ganga, a ƙungiyar badujalar garinmu Palo Quemao da ke bakin kogin Sinú. Ni na riƙe 'yarsa a coci ranar da aka yi mata baftisma, shi ya sa muke kiran juna compadre, shi ya sa kuma nake ganin ina da ikon tona masa asiri, musamman yanzu da gwiwoyinsa suka gaji ba zai iya bina da gudu ba.

In ka tambayi duk wanda ya haura hamsin a garin nan wa ya fi kowa shan giya a zamaninmu, kafin ka rufe baki zai ce maka Eustorgio. Alhali mutumin nan tun da aka haife shi sau ɗaya ya taɓa kurɓar giyar rake, ranar aurensa, kuma ko maƙoshinsa ba ta wuce ba ya furzar. Abin da ke damunsa ciwon ɓarin kai ne.

Gadonsa ya yi wajen uwarsa. Ita in ya taso mata, sai ta yanka dankalin turawa fale-fale ta jera a goshi, ta ɗaure da ɗankwali, ta shige ɗaki ta rufe taga, gidan ya yi tsit har kaji su san yau ba wasa. Ubansa kuwa mai kiwon shanu ne a kan doki, mutumin da ya taɓa ɗinke cinyarsa da kansa bayan bijimi ya soke shi, ya koma aiki. Ranar da ciwon ya fara kama Eustorgio yana ɗan shekara goma sha tara, ya je ya gaya wa uban. Tsohon ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Ciwon uwarka? To madalla. Gobe kuma sai ka zo ka ce min ka yi ɓatan wata."

Daga ranar Eustorgio bai sake gaya wa wani namiji ba sai ni, ni ma don na kama shi ne.

Ga yadda abin ke zuwar masa. Da farko sai ya ga wani ƙyalli a gefen idonsa na hagu, mai kama da haƙoran zarto, yana wal-wal yana girma har ya cinye rabin fuskar wanda ke gabansa. Bayan kamar minti ashirin ƙyallin ya tafi, sai ciwon ya sauka a bayan idon, kamar ana kafa ƙusa a hankali. Sai amai. Sai haske ya zama abokin gaba, ƙara ta zama abokiyar gaba, ko ƙamshin albasa daga gidan maƙwabta ya ishe shi. Yini da kwana yake yi a haka. In ya tashi kuma sai ya fito ido jawur, yana tafiya yana dafa bango, yana neman ruwan sanyi. Kai ka ga mutum a wannan hali a ƙasarmu, me za ka ce ya yi jiya?

Sunan ya samo asali ne a wasan bijimai na watan Janairu, a wani gari da ke gaba da namu. Kwana uku muna kiɗa a kan dakalin katako, rana na dukanmu, samari na ƙasa suna tsokanar bijimai suna shan ƙaho. A yini na uku, muna tsakiyar kiɗa, sai na ji ganga ta yi shiru. Na waiga na ga Eustorgio yana sauka tsani yana tangaɗi. Ya je bayan rumfar mai soya ayaba ya amayar da duk abin da ke cikinsa, ya rarrafa ƙarƙashin wata babbar mota ya kwanta, ya kifa malafa a fuska. Wani daga sama ya yi ihu, "Mai ganga ya bugu!" Filin ya ɗauki shewa, har da masu tafi.

Washegari a hanyar gida na tsare shi.

"Compadre, kwana uku muna tare, ko ƙamshin kwalba ban ji a bakinka ba. Mene ne ya same ka?"

Ya waiwaiga, ya rage murya ya gaya mini. Na ce to ai sai ka faɗa musu gaskiya.

"Wace gaskiya? In ce musu kaina ke ciwo, a kawo min dankali da ɗankwali? Plinio, ka taɓa ganin an raina namiji a garin nan don ya bugu? Magajin gari ma a kwata aka tsince shi bara, kuma aka sake zaɓensa. Bar ni da sunana, na ji daɗinsa."

Haka ya rungumi shaye-shaye ba tare da ya sha ba. Ya samo wata 'yar kwalba ya riƙa cika ta da ruwan mazarƙwaila yana saka ta a aljihun baya yadda kanta zai leƙo. In an saya masa giya a shago sai ya karɓa da godiya, ya jira ido ya kauce, ya juye a tukunyar fulawar da ke bakin ƙofa. Fulawar nan ta sha giya fiye da kowa a gundumarmu, wata shida ta yi ta bushe. Labarai kuwa suka yi ta haihuwa da kansu. Aka ce ya taɓa shanye akwati guda a zama ɗaya. Aka ce hantarsa ta kai girman gangarsa. Ni da kaina na ji wani yana rantsuwa da kabarin uwarsa cewa tare suka bugu a birnin Montería har 'yan sanda suka kwana da su.

Wadda ta sha wahalar wannan suna ita ce matarsa, Niña Ludivina (Niña muke ce wa mace don girmamawa). Ita ke yin cukun nan mai gishiri da ya fi na kowa a kasuwarmu, mace ce gajera mai faɗi, muryarta kuma tana tsallake kogi. Ita ce ke rufe tagogi, ta kawo bokiti, ta jiƙa tsumma, ta kori yara da kare zuwa gidan 'yar'uwarta. Da safe ta je kasuwa mata su kewaye ta da tausayi.

"Sannu Niña Ludi, Allah ya ba ki ladan haƙuri. Ya sake ko?"

"Ya sake," take cewa, tana yankan cuku kamar wuyan wani take yankawa.

Shekara ashirin da biyu ta riƙe masa asirin nan, don ya sa ta rantse tun suna amarci.

Sai aka kawo mana sabon limamin coci, Fada Hermógenes, saurayi mai zafin nama da ya zo da niyyar gyara mu cikin shekara guda. Ya kafa ƙungiyar masu son barin giya, kowace Alhamis da la'asar a zauren coci. Kowa ya tambaya wa ya kamata ya fara kamawa, suna ɗaya ake ba shi. Ya je har gida da kansa ya jawo Eustorgio.

Shekara biyu compadre na ya yi yana zuwa taron nan, bai taɓa fashi ba sai ranar da yake kwance. Da yake dole kowa ya tashi ya faɗi ɓarnar da giya ta sa shi, shi kuma ba shi da ko ɗaya, sai ya shiga ƙirƙira. Ashe baiwa ce da shi ba mu sani ba. Ya ba su labarin yadda ya sayar da aladen uwarsa ya shanye kuɗin, ya dawo ya taya ta neman aladen har daji. Ya ba su na ranar da ya farka a cikin akwatin gawa a shagon kafinta. Mashaya na gaskiya, waɗanda ba su da abin faɗa sai "na sha, na faɗi, na tashi," suna zaune suna sharar hawaye. Amma duk bayan mako biyu sai a ji Eustorgio na kwance ya rufe taga. Fada ya riƙe kai ya ce ya sake komawa ruwa.

Ranar da asiri ya tonu wata Talata ce da tsakar rana. Ina tsakar gidansu ina taya Ludivina ɗaure buhun cuku, Eustorgio na ɗaki cikin ragar lilonsa da tsumma a ido, sai ga Fada da 'yar ƙararrawa a hannu da gorar ruwan albarka. Bai tsaya gaisuwa ba. Ya banka ƙofa, ya wangale tagogi biyu, rana ta cika ɗakin.

"Eustorgio, fito daga duhu! Dubi haske!"

Ya shiga kaɗa ƙararrawa a saitin kunnensa yana yayyafa masa ruwa. Na ji compadre na ya yi wani irin nishi da ban taɓa jin ɗan Adam ya yi ba. Kafin in motsa, Ludivina ta wuce ni da tsintsiya.

"Fada, da girman rigarka, fita min daga gida!"

"Niña Ludivina, ina ceton ransa ne."

"Kashe shi kake yi! Wace giya? Mutumin da ko ruwan inabin cocinku ba ya iya sansana? Kansa ke ciwo! Ciwon ɓarin kai, irin na uwarsa!"

Ta koro Fada har titi, kuma da yake ta riga ta fara, sai ta tsaya a tsakiyar titin ta ƙarasa, hannu a ƙugu. Ta sanar da masu shaguna, da masu jiran mota, da mai sayar da ƙanƙara, cewa mijinta bai san ɗanɗanon giya ba, kwalbar aljihunsa mazarƙwaila ce, kuma uwarsa ba ta taɓa mallakar alade ba.

Da Eustorgio ya warware bayan kwana biyu, mako guda bai yi mata magana ba. A wajen atisaye aka sa masa sunan mata, Niña Eustorgia. Wani ya ɗaura wa gangarsa ɗankwali. 'Yan ƙungiyar Alhamis kuwa sun fi kowa jin haushi. Ɗaya daga cikinsu, wani mahauci, ya tare shi a bakin kasuwa.

"Kai maƙaryaci! Wata takwas ban sha ba saboda labarin aladen nan. Na ce ba zan ƙare kamar kai ba."

"To ka daina sha ko ba ka daina ba?"

"Na daina."

"To me ka zo karɓa a wajena, canji?"

Abin da ya fi tsokana muni shi ne magani. Da ana masa kallon mashayi ba wanda ya dame shi. Yanzu da aka san ciwo ne, duk garin ya zama likita. Aka ce baƙin kofi da lemon tsami, ya sha. Aka ce ganyen lemo a manna a gefen goshi da man zafi, ya manna. Wata tsohuwa ta ce ya tsoma ƙafafu a ruwan zafi ya ɗora ƙanƙara a ƙeya, ya yi, ya ce wannan kam ya ɗan ji dama-dama. Wani ya kawo zoben tagulla. Wata ta ce ya yi alkawari ga waliyyi zai taka da ƙafa har garin da hotonsa yake. Ya taka, kilomita goma sha huɗu cikin rana ba karin kumallo, aka dawo da shi a bayan motar madara yana amai. Ni ma ban tsira ba. Na ji a wajen wani mai kwale-kwale cewa in aka goga cikin kwaɗo mai rai a goshi sau bakwai, ciwon na komawa jikin kwaɗon. Na kamo ƙato na kai masa. Muka goga. Kwaɗon ya yi masa fitsari a gira ya tafi abinsa lafiya lau.

Daga nan ya koma wa kemis. Mai kemis ɗin garinmu mutumin kirki ne, amma bai taɓa ce wa kowa "a'a" ba. Ya ba shi wasu ƙwayoyin kashe zafi, suka yi aiki. Eustorgio ya ce ya samu. Da farko sai ciwon ya zo yake sha. Daga baya in ya ji alamar zai zo. Daga baya in za mu fita kiɗa, don kada ya zo. Kafin shekara biyu kullum sai ya haɗiyi huɗu ko shida, kuma ciwon da a da yake ziyartarsa sau biyu ko uku a wata ya tare a kansa gaba ɗaya. Da shi yake tashi, da shi yake yini. Ya rame, ya yi baƙi, cikinsa na zafi, ya zama mai faɗa. Ya fara ɓata kiɗa, shi da a da ko agogo za ka iya saitawa da hannunsa. Janairun da ya cika hamsin da biyu, shugabanmu ya kira shi gefe ya ce ya huta bana. Muka tafi wasan bijimai da wani mai ganga na aro. Da motarmu za ta wuce ƙofar gidansa na gan shi zaune a kan kujera da baƙin tabarau, ya ɗaga mana hannu. Ranar ban yi busar kirki ba.

'Yarsa Yarledis, wadda na riƙe a coci, lokacin tana aikin jinya a Montería. Ta zo hutu ta gan shi, ta buɗe durowarsa, ta kwashe duk ƙwayoyin da ke ciki a leda. Ta same ni a gida.

"Kawu Plinio, gobe da mota ta farko za mu kai Baba asibiti. Ni zan riƙe hannu ɗaya, kai ka riƙe ɗaya."

"In ya ƙi fa?"

"Mama na bayanmu."

Bai ƙi ba.

Likitar mace ce, 'yar siririya, ba ta girmi 'yarsa da yawa ba. Eustorgio ya gan ta ya juyo ya ce min a kunne, "Wannan ai ko takalminta ba ta gama koyon ɗaurewa ba." Ta ji shi, ta ci gaba da aikinta. Ta haska masa ido, ta ƙwanƙwasa masa gwiwa, ta auna jininsa, ta tambaye shi ko yana da asma, ta sa ya ba ta labarin ciwon tun daga farko. Sannan ta zazzage ledar a kan tebur, ta kira shi da Don, yadda muke girmama dattijo.

"Don Eustorgio, sau nawa kake shan waɗannan a mako?"

"In ya kama."

"Kullum," in ji Ludivina.

"To ciwo biyu ne da kai. Ɗaya uwarka ta ba ka, ɗaya kai ka saya da kuɗinka a kemis. Kan naka ya saba da ƙwaya, in ta sake shi sai ya yi ciwo don ka ƙara masa. Na gadon ba zan iya raba ka da shi ba, sai dai mu rage masa ƙarfi. Na sayen kuwa daga yau za mu kore shi. Za ka daina su duka."

"Duka? Likita, mutuwa zan yi."

"Ba za ka mutu ba. Za ka dai yi kamar mako biyu kana roƙon ta zo."

Sai ya gyara zama, ya yi tambayar da ta fi damunsa. "Likita, tsakani da Allah, wannan ba ciwon mata ba ne?"

"Mata sun fi yawa a cikinsa, amma kafin kai yau na ga direban tirela da wani soja. Bambancin kawai, matan suna zuwa da wuri, ku kuwa sai an kawo ku mutum uku-uku."

Ta rubuta masa wata ƙwaya ta kullum, wadda ta ce asalinta ta hawan jini ce amma tana hana ciwon yawan zuwa, ta ce kada ya sa ran ganin aikinta kafin wata biyu. Ta ba shi wata daban da zai sha da zarar ciwon ya kunno kai, amma kada ya wuce kwana biyu a mako. Ta ƙara da maganiziyam da wani bitamin, ta ce wasu suna jin daɗinsu, wasu ba sa ganin komai, a gwada. Sai dokoki: ci a kan lokaci, ruwa da yawa, kwanciya da tashi a lokaci ɗaya har ranar Lahadi, kofi ƙananan kofuna biyu a rana ba ƙari ba ragi, tafiyar ƙafa da sanyin safiya. A ƙarshe ta ce a sami littafi a riƙa rubuta komai: abin da ya ci, yadda ya yi barci, inda ya je, da ranar da ciwon ya zo.

"Wasu kuma cuku na tayar musu da shi," ta ce. "Ku ɗauke masa na wata guda mu gani."

Ludivina ta miƙe tsaye. "Cukun wa?"

Da ƙyar Yarledis ta fitar da ita.

Makonni biyun nan likita ba ta yi ƙarya ba. Ya yi kuka, ya yi zagi, ya kira ni ya yi wasiyya sau biyu, ya bar min gangar sannan ya ƙwace. Ya aike ni kemis a ɓoye, na fita na zaga kasuwa na dawo na ce an rufe. Ludivina na zaune a bakin ƙofa da tsumma da bokiti, ba ta je kasuwa ba ko sau ɗaya. A rana ta goma sha shida ya fito tsakar gida da safe, ya tsaya yana juya wuya a hankali kamar wanda ke neman abin da ya yar.

"Ludi," ya ce, "babu shi."

"Babu wa?"

"Babu komai. Kaina shiru."

Ta juya baya ta ci gaba da wanke tukunya.

Maganiziyam ɗin ne ya fara nuna kansa, ba a kai ba. Mako guda compadre na ya yi yana sintiri tsakanin ɗaki da bayan gida har aka rage masa. Bitamin ɗin kuma ya mayar masa da fitsari rawaya shar kamar fenti. Ya kira ni a firgice in zo in gani, na ce masa zumuncinmu bai kai nan ba.

Littafin kuwa Ludivina ce ta riƙe shi, don shi rubutunsa ko shi ba ya iya karantawa. Ta riƙe shi kamar alƙali. Watan da aka ɗauke cuku, ciwon ya zo sau huɗu. Watan da aka dawo da shi, sau uku. Ta ɗauki littafin ta hau mota har Montería don kawai ta nuna wa likita, ta kai mata kilo guda na cuku kyauta, ta ce ta ci ta ji abin da ta yi wa sharri. Ranar an yi mana miyar doya da cuku, har Fada Hermógenes aka gayyata. Ya zo, ya ci kwano biyu, ya nemi gafara da baki cike.

Masu laifin gaskiya da littafin ya kama su ne yunwa, da rana, da raba dare a wajen kiɗa sannan a rama barcin har azahar. Sai wani guda da ya ƙi ganuwa. Ludivina ta lura ciwon na yawan zuwa Laraba da Asabar, kwanakin atisayenmu. Aka zargi ƙarar kiɗa, ya toshe kunne da auduga, bai hana ba. Wata Laraba na biya masa mu tafi, na yi wanka na fesa turarena, wanda nake sawa tun ina saurayi, wanda mata uku daban-daban suka yaba. Ludivina ta shaƙi iska, ta dube ni, ta buɗe littafi tana juya shafi.

"Compadre Plinio, Larabar da kai ka yi zazzaɓi ba ka je atisaye ba, lafiyarsa ƙalau ya dawo. Asabar ɗin da ka tafi jana'izar ƙanwarka, lafiyarsa ƙalau."

"Comadre, me kike nufi?"

"Kai ne. Kai da wannan abin da kake wanka da shi."

Eustorgio ya dube ni da idon da ban taɓa gani ba. "Shekara nawa kana tsaye a gefena na hagu?"

"Turaren nan daga Cartagena ake kawo shi!"

"Ko daga Aljanna ake kawo shi. Kai ka kawo min kwaɗo, ashe kai ne kwaɗon."

Na yi fushi na kwana huɗu. Daga baya na ba ƙanen matata kwalbar. Tun daga lokacin warin sabulu kawai nake yi, kuma ba macen da ta sake yaba ni.

Ciwon bai rabu da shi ba. Har yau yana zuwa, sau ɗaya a wata, wani lokaci biyu, amma in ya sha ƙwayarsa da wuri ya kwanta a duhu, kafin la'asar ya tashi. Janairun da ya biyo baya ya koma kan gangarsa, da malafa mai faɗi, da baƙin tabarau, da gorar ruwa a rataye, da ƙunshin rogo da ƙwai a aljihu. Ƙarfe goma sha biyu na yi, ko ana tsakiyar kiɗa, ko bijimi ya ɗaga mutum sama, sai ya sa hannu ɗaya ya ci abinsa ɗayan na duka. Kiɗan raba dare ya bar wa matasa. Shekara tara ya ƙara kafin gwiwa ta ajiye shi.

Yanzu yana da saba'in da ɗaya. Yana zama a ƙofar gida da safe bayan ya dawo daga tafiyarsa ta bakin kogi, kuma ya sami wata sana'a da ba wanda ya naɗa shi. Maza ke zuwa wajensa, ɗaya-ɗaya, suna waige-waige. Makon jiya ina zaune sai ga wani ƙato daga rugar shanu, mai gashin baki kamar tsintsiya, wanda kowa ya san shi da kama bijimi da hannu. Ya gaishe mu, ya yi zancen ruwan sama, ya yi zancen farashin maruƙa, sannan ya durƙusa kusa da kujerar.

"Don Eustorgio, dama matata ce. Wani ciwon kai ke damunta, ɓari ɗaya. Wai sai ta riƙa ganin wani ƙyalli."

"Allah sarki. A wane ido?"

Mutumin ya ɗaga hannu ya taɓa idonsa na dama, sannan ya yi sauri ya sauke.

"Ƙwaya nawa take sha a mako?"

"Kamar goma. Ko sha biyu."

"Tana karyawa kafin ta hau doki?"

"Ina, ba lokaci."

Eustorgio ya yage takarda, ya sa ni na rubuta sunan likitar da ranar da take ganin mutane, ya miƙa masa.

"Ka ce wa matarka ta karya kafin ta fita, ta sha ruwa, ta sayi littafi, ta je wajen wannan yarinyar ranar Litinin da duk ƙwayoyinta a leda. Kuma ka ce mata in za ta je ta rage gashin bakin nan, ya yi mata yawa."

Ƙaton ya ninke takardar ya cusa cikin malafarsa, ya yi godiya ƙasa-ƙasa, ya hau dokinsa. Ludivina ta leƙo daga ciki ta ce abinci ya sauka, kuma saura minti biyar sha biyu ta yi.